Guntayen Alli da Dutsen Tunkiya

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki, ita ce shekarar da aka fasa Tunkiya. Ba a daɗe da gama ƙidayar jama'a ba, tawadar da aka shafa mana a babban yatsa ma ba ta gama fita ba. Ranar husufin ina tsaye a gindin Tunkiya da buroshi a hannu ina goge makama, wato inda mai hawa ke kamawa, sai na ga haske ya koma kamar na bayan la'asar, dutsen da ya fara ɗaukar zafi ya huce a ƙarƙashin tafina. Na ce a raina, da kullum haka rana take yi mana rangwame a bazara, da sana'ata ta yi sauƙi.

Tunkiya ba dabba ba ce. Wani mulmulallen dutse ne da ya ɗan ɗara ɗaki tsawo, a bayan Samaru, idan ka bi hanyar Basawa ka saki kwalta ka ratsa wata gonar dawa. Su huɗu ne a wurin: Tunkiya, Tulu, Turmi da Auta, da wata tsamiya da ke ba su inuwa. Da yake sunan mace muka ba babban, "ita" muke ce masa. A kan waɗannan huɗun na yi shekaru ina koya wa mutane hawa.

Ina rubuta wannan ne saboda ku matasa da kuke zuwa wurina yanzu. Kowannenku sai ya dubi dutse, ya dubi furfurata, ya ce, "Malam Haladu, ai wannan ko tsani ba ya buƙata." Gaskiya ne, gajere ne, kuma ba a sa igiya. To ku zauna ku ji yadda ake koyonsa.

Aikina na farko a hannun Baba Tanko mai zuma shi ne riƙe masa ƙwarya. Shi ne maigidana, mutumin Zabi, yana ɗiban zumar da ke cikin tsagar duwatsu, wadda masu amya ba sa iya kaiwa gare ta. Na je masa ina saurayi, ina jin ƙarfi, ina ganin da damtse ake hawa. Ranin farko bai bar ni na wuce tsawon gwiwa daga ƙasa ba. Sai ya sa ni in manne da gindin dutse in riƙa tafiya a kaikaice, daga wannan gefe zuwa wancan, shi kuma ya zauna ya juya mini baya yana murza igiya. Da zarar ƙafata ta goga dutse ta yi ƙara, sai ya ce, "Na ji ka. Koma." Ba ya ko waiwayowa. Da na yi gunaguni ya ce, "Ka taɓa jin tafiyar rema? Je ka ka zauna ka kalle ta, ka dawo ka ba ni labari." Na je na kalla. Rema ba ta jan jikinta sama. Dubawa take ta ga inda za ta sa ƙafa, ta sa sau ɗaya, ta miƙe a kai. Abin da Baba yake so in gane ke nan, kuma da shi nake cin abinci har yau.

Wata Asabar, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, na hau Tulu in duba wata tsaga da ƙudan zuma suka fara zagayawa. Baba ya riga ya rasu, ni kuma ina haɗa zumar da gyaran kwanon rufi da sare rassan bishiya a gidajen Samaru. Ina saukowa na tarar da wani ɗalibin jami'a mai suna Bulus da abokansa sun zuba mini ido. Ya buɗe wata mujalla ya nuna mini hotunan mutanen wata ƙasa manne da gajerun duwatsu irin namu, ga katifa a ƙasa, ga wani a tsaye ya ɗaga hannuwa.

Na ce, "To su zumar tana ina?"

Ya ce, "Babu zuma, Malam. Hawan ne kawai."

"Su hau su sauko, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na yi dariya har sai da na zauna. Amma Asabar ta gaba na zo, su ma suka zo, kuma tun daga ranar ban rasa masu koyo ba: ɗalibai, 'ya'yan sojoji daga Basawa, wani tela daga ƙauyen Jama'a, har da wani likitan dabbobi mai tumbi da ya ce matarsa ce ta turo shi. Ni na kawo abin da Baba ya ba ni, su suka kawo katifa da alli da dokar hutu. Baba bai san waɗannan ba, da ya san su da bai tsufa da ɗingishi ba.

Katifarmu ta farko ta auduga ce. Ruwa ɗaya ya dake ta, ta dunƙule ta koma kamar daɓe. Bulus ya faɗo a kai, ya tashi dafe da ƙugu yana tambaya ko ƙasar ba ta fi ta laushi ba. Daga nan muka shiga kasuwar Sabon Gari muka sayo soso iri biyu, mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa. Kada ku taɓa juya su. Mai laushi in yana sama haɗiye ƙafa yake ya murɗe idon sawu, mai taurin shi ke raba nauyi. Telan nan na Jama'a ya ɗinke su cikin tamfol ya sa musu maratayi, ya zama mutum na iya goya katifa a kan acaɓa, ko da yake in iska ta taso ɗan acaɓa yakan yi ta salati har a iso.

Takalmi kuwa aikin Oga Emeka ne, shumeka a Sabon Gari, haifaffen nan, Hausarsa ta fi ta wasunku. Na kai masa tsohon kambas na ce ya cire ƙasan ya manna robar cikin tayar babbar mota, kuma ya matse shi har yatsu su taru wuri ɗaya. Ya juya takalmin, ya dube ni. "Malam, mutane suna kawo mini takalmi in buɗa musu, kai ka kawo in matse. Wa ya yi maka laifi?" Na farko da ya yi, gam ɗin ya saki a rana. Na biyu robar ta yi kauri, ba ka jin dutse. Sai da ya rufe shago wata Asabar ya biyo ni, ya sa takalmin da kansa ya taka Auta, ya sauko ya ce, "Yanzu na gane. So kake ƙafa ta riƙa gani." Daga ranar ya riƙa goge robar da magagari har ta yi sirara a wajen babban yatsa.

Alli don gumi ne. Ana daka shi a zuba a 'yar jaka a ɗaura a ƙugu, a shafa kaɗan, a hure sauran. Wani sabon zuwa ya ga farin gari a hannunmu, bai tambaya ba, ya ɗebo hodar yayarsa ya barbaɗe Turmi da ita. Dutsen ya yi ta ƙamshin gidan biki, ba wanda ya iya tsayawa a kansa, sai da muka ɗebo ruwa muka wanke shi da sabulu. Bayan alli sai tsohon buroshin haƙori na share makama, da ɗan kara da za ka fara zura wa kowane rami kafin yatsa, don kunama ma tana son makama mai kyau.

Duk wanda ya zo mini sabo, ranar farko ba ya hawa. Faɗuwa yake koya. Zai tsaya a kan Auta, wanda bai wuce ƙugu ba ta gefe ɗaya, ya diro kan katifa, ƙafa biyu tare, gwiwa a sake, ya bar jikinsa ya mirgina baya, hannuwa a ƙirji. Hannun da aka miƙa baya don a tare ƙasa shi ke karyewa. Zai yi ta yi har jikinsa ya daina tsoron katifa. Sannan ya koyi tsaron baya: ka tsaya a bayan mai hawa, hannuwa a sama, yatsu a haɗe, idonka a ƙugunsa. Ba cafe shi za ka yi ba, ba za ka iya ba. Kai dai ka karkata shi ya faɗa kan katifa, kansa bai bugi komai ba. Wanda ya ciro waya yana tsaron bayan mutum, ranar ya gama, ya koma gindin tsamiya.

Sai tafiyar kaikaice irin ta Baba, ni ma in juya baya ina saurare. Sai a koyi rataya da hannu a miƙe, don hannun da aka lanƙwashe ƙone ƙarfi yake a banza. Ƙugu kusa da dutse. Da babban yatsan ƙafa ake taka mataki, ba da tsakiyar tafi ba. Duk abin da ka hau, ka gwada saukowa ta inda ka hau. In kuma ka hau yau, gobe ka huta. Naman damtse yana saurin yin ƙarfi, jijiyar yatsa kuwa a hankali take biyowa, kuma ita ce ke tsinkewa a hannun mai gaggawa. Ba na barin sabon shiga ya rataya da kan yatsu a saman ƙofa sai ya shekara. Da damina, in dutse ya yi santsi, reshen mangwaro mai kauri ya isa, da tsuguno da tashi, da tsayawa a ƙafa ɗaya kana ɗaure takalmi.

Wani mai ɗaga ƙarfe daga Sabon Gari ya taɓa zuwa, ƙirji kamar ƙofar shago. Ya ce a nuna masa mafi wuya. Na ce ya fara da faɗuwa, ya ce shi bai zo don ya faɗi ba. Ya ja kansa da hannu zalla, ƙafafu na reto, kafin rabin Tulu yatsunsa suka buɗe da kansu. Ya yi sa'a katifa na nan. Ya kwanta yana kallon sama, can ya ce, "Malam, a ina aka ce ake fara faɗuwar?" Ya zama mafi iya tsaron baya da na taɓa samu.

Kalmar da na fi faɗa a wurin nan ita ce "sassauta". Sabon shiga yana damƙar makama kamar za a ƙwace masa, kafin ya yi nisa hannunsa ya kumbura ya ƙi aiki. Sai in ce, "Sassauta, dutsen ba gudu zai yi ba." Na faɗa wa mutane da yawa haka, ina ganin ba maganar da ta fi ta tabbas.

Alli ne ya kai ni aji, ana saura 'yan watanni husufin. Namu ya ƙare, aka ce mini a wata firamare a Samaru ana zubar da guntaye, sai na je bayan la'asar da 'yar leda. Na tarar yara sun tashi, amma ajin cike da manya, magidanta a takure a kan bencin yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Ajin yaƙi da jahilci ne. Mai koyarwa Malama Rifkatu ce, gajeriyar mace da ta haura hamsin, da safe tana koyar da yara, ranar Lahadi tana waƙa da matan cocinsu. Na gaishe ta na faɗi buƙatata.

Ta ce, "Me za ka rubuta da shi?"

Na ce, "Ba rubutu ba, Malama, dakawa zan yi. Ni ban iya rubutu ba."

"Allina ba ya shiga turmi sai ya gama aikinsa. Ga benci can. Wanda ya zauna har a tashi, shi ke kwashe guntaye."

Haka na zauna don guntun alli, na wayi gari ɗan aji. Baƙaƙen ba su ba ni wuya a ido ba, hannu ne ya ƙi. Yatsuna duk kanta, ina damƙe fensir har ya karye, takarda ta huje. Malama ta tsaya a kaina ta ce, "Malam Haladu, sassauta. Fensirin ba gudu zai yi ba." Na ɗago na tambaye ta a ina ta ji wannan. Ta ce ba ta ji a ko'ina ba, ita kullum shi take faɗa.

Bayan husufin nan ajin ya fara zubewa. Ga zafi, ga aikin gona na matsowa, ga mutum ya ga wata da watanni bai wuce haɗa baƙi da wasali ba. Wanda ya fito ya faɗa shi ne Sale mai fasa dutse, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, in ya yi dariya benci ke girgiza. Ya ajiye fensir ya ce, "Malama, a yi haƙuri, mu kanmu ya riga ya bushe. Ni daga yau na sallami kaina, kuma na san ba ni kaɗai ba ne." Wasu suka gyaɗa kai. Ni ma na fara tunanin inda zan riƙa samo alli.

Malama ta ce babba yana koyon duk abin da ya sa kansa. Sale ya ce, "Faɗa da sauƙi ga wanda ya iya. Ke me kika koya da furfurarki? Ga Haladu nan, je ki ki hau dutsensa mu gani." Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juyo ta tambaye ni wanne ne babba, na ce Tunkiya. Ta ce, "To ku ji. Ba wanda zai bar ajin nan sai na hau Tunkiya ko na ce na kasa. In na kasa, kowa ya kama gabansa, ni da kaina zan rufe ƙofa. In na hau, kuna nan har kowa ya iya rubuta wasiƙa da hannunsa." Sale ya ce ya yarda, yana share hawayen dariya.

Ranar Asabar ta zo da 'yarta Ladi da ƙawar Ladi, sanye da wando mai faɗi da riga har gwiwa, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ni ba zan tsare mata baya ba, bai dace ba, don haka kafin ta taɓa dutse sai da na koya wa 'yan matan nan biyu, suna gwadawa a kan juna, ni kuma na koma gefe ina jan katifa. Daga nan ne mata suka fara zuwa mana, don an ji cewa a wurin Haladu mace ke tsaron bayan mace.

Ba ta nemi a rage mata komai ba. Ta yi ta dirowa daga Auta har Ladi ta fara hamma. Oga Emeka ya yi mata takalmi, ya ce bai taɓa matse ƙafar malamar makaranta ba, Allah ya sa kada ta rama a kan 'ya'yansa. A tafiyar kaikaice ta fi samari, don ita in an ce a sa ƙafa a hankali, a hankalin take sawa. Kafin ruwa ya sauka ta hau Auta ta kowane gefe. Da damina ta yi ta rataya a mangwaron gidanta har maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya. Da ruwa ya ɗauke ta hau Turmi, ta hau Tulu. A aji kuwa ba wanda ya tafi. Kowace Litinin Sale zai shigo ya ce, "Malama, ya Tunkiya? Ta ce a gaishe mu?" Ita kuma ta ce, "Tana gaishe ka. Buɗe shafi."

Tunkiya tana da wata makama a ƙasa da goshinta da muke kira Kunne, babba, hannu biyu na shiga. Daga Kunne zuwa sama babu abin kamawa, sai goshi mai sulɓi. Dole ka ɗora tafin hannu ka danna ƙasa, ka kawo ƙafa sama, ka miƙe, kamar mai fitowa daga rijiya. A nan Malama ta maƙale. Takan isa Kunne lafiya, ta rungume shi da hannu biyu, ta leƙa sama, ta leƙa ƙasa, ta ƙi saki har ƙarfinta ya ƙare ta diro. Ina cewa, "Malama, sassauta, dutsen ba gudu zai yi ba." Tana amsawa daga sama, "Na ji, Malam Haladu. Hannun ne bai ji ba."

Ana cikin haka dawa ta fara nuna, sai ga Sale a gindin tsamiya, ba dariya. Mai gonar ya sayar da duwatsun huɗu ga wani ɗan kwangila mai neman tsakuwa, kuma Sale da mutanensa aka ba aikin fasawa. Abin da ya hana a fara shi ne dawar, don tifa ba ta da hanya sai an girbe. Sale ya ce, "Haladu, ni aiki aka ba ni. In na ƙi, wani za a ba." Na ce na sani. Ladi ta dube ni ta ce, "Baba Haladu, ashe dai yana gudu." Malama ce ta fara dariya, sannan muka bi ta.

Aka girbe dawa, tifa ta shigo. Yadda suke yi, sukan tara tsofaffin tayoyi da itace a kan dutse su cinna wuta, in ya gasu ya tsage, su bi shi da guduma. Tunkiya ce ta fi kusa da hanya, da ita ya kamata a fara. Sale ya tsallake ta ya fara da Auta can ciki, mutanensa suna ɗaukar tsakuwa a ka suna zagaye ta suna mita. Ɗan kwangila ya yi faɗa, Sale ya ce masa Tunkiya ta fi tauri, sai an tara tayoyi da yawa. Ni na san dutse, shi ma ya sani, duk huɗun iri ɗaya ne. Da na yi masa godiya ya ce, "Godiyar me? So nake ta faɗo a gabana, kada ta ce dutse aka ɗauke mata."

Auta ya tafi, Turmi ya bi shi. Malama tana zuwa da sassafe kafin makaranta, yau ta zo gobe ta huta, don ban yarda a karya dokar hutu ba ko da tifa tana jira. Ranar da suka fasa Tulu, wanda ke dab da Tunkiya, wani ɓangare ya ɓalle ya daki Kunne. Da na zo na tarar da Kunne a ƙasa, inda yake ya bar ɗan tabo fari da gefen da bai fi kaurin fensir ba. Sale ya ce tayoyi sun taru, ba shi da sauran abin da zai gaya wa ɗan kwangila. Asabar bayan azahar zai sa wuta.

Asabar da hantsi ajin duka ya zo, har da waɗanda ba su taɓa ganin wurin ba, da Oga Emeka. Ni na fara gwadawa don in ga ko hanya ta rage. Bisa sabo na kai hannu inda Kunne yake, na kama iska, na faɗo tim a katifa. Sale ya yi ta dariya yana cewa a ba malamin ruwa. Da na sake hawa na gano cewa tabon ba ya riƙe mutum, amma ya isa ka dafa ka wuce, in ƙafar dama ta riga ta hau wani ɗan mataki da ba mu taɓa kula da shi ba, don Kunne ya sa ba ma buƙatarsa. Na goge matakin da buroshi, na ɗiga masa alli don ta gan shi.

Malama ta shafa alli ta hure, ta yi addu'arta, mu ma muka yi tamu. Ta hau ta faɗo. Ta huta, ta hau ta faɗo. Ladi da ƙawarta suna karkata ta kan katifa, tana tashi tana gyara ɗankwali. Rana tana ɗagawa, dutsen ya fara ɗumi, mutanen Sale sun fara mirgino tayoyi. Ta zauna a inuwar tsamiya ta sha ruwa, ta dubi goshin Tunkiya.

Ta ce, "Malam Haladu, yanzu fa ba inda zan tsaya in yi shawara."

Na ce, "Babu, Malama."

"To madalla."

Ta tashi. Ban ji ƙafarta ta goga dutse ba. Ta sa ta dama a kan ɗigon alli, ta dafa tabon da kan yatsu, ba ta tsaya ba don babu wurin tsayawa, ta ɗora tafin hagu a goshi ta danna. A nan ta ɗan rataya, rabi a sama rabi a iska. Sai muryar Sale ta fashe: "Ƙafa, Malama! Kawo ƙafar!" Ta kawo dunduniya, ta mirgina a kan cikinta. Ba kyan gani, amma ta hau. Ladi ta rangaɗa guɗa, Oga Emeka yana ihu yana cewa jama'a su dubi takalmi, su dubi aikin takalmi.

Malama ta zauna ta numfasa, sannan ta zaro guntun alli daga aljihu, wanda bai shiga turmi ba, ta durƙusa ta yi rubutu a kan dutsen. Muka tambaya me ta rubuta. Ta ce, "Mai son sani ya hau ya karanta." Bayan Tunkiya gangare ne, ko akuya mai ciki tana hawa, sai ga magidanta suna rarrafe suna tura juna. Ta ce Sale ne zai karanta. Ya tsuguna, ya sa ƙaton yatsansa a ƙarƙashin baƙaƙen, gumi na ɗiga.

"Sa... sai. Sai Li... ti... Sai Litinin." Ya ɗago kai. "Kai, Malama! Wannan ai zalunci ne."

Ta ce, "Ka zo da fensirinka."

Bayan azahar ya sa wutar. Ya jera tayoyin a kewaye da rubutun, bai ɗora ko ɗaya a kansa ba, ko da yake wuta ba ruwanta da wannan. Ranar Litinin ya riga kowa zuwa.

Yanzu muna hawa a wasu duwatsu can gaba da Zabi, sun fi nisa kuma ba inuwa. Shi ya sa in kun zo kuke jin ina cewa "sassauta" kawai, na daina ƙarasa sauran. Wannan da kuke karantawa kuwa da hannuna na rubuta shi, ban karya fensir ba.

Ga abin da muka rasa a shekarar. Duwatsu huɗu. Tsamiya ɗaya, wuta ta lashe ta, ta bushe, aka sare. Katifa ɗaya da tartsatsi ya faɗa wa. Farcen Malama na babban yatsa, wanda ya sake fitowa. Daga aji kuwa mutum ɗaya, Malam Audu mai gyaran keke, shi ma ƙaura ya yi zuwa Funtuwa, kuma da ya isa ya rubuto.